Gwankin Lambun Rimaye

Kwana uku da Babbar Sallah aka wayi gari an yanka gwankin Lambun Rimaye. Shi kaɗai ne gwankin da ya rage a lambun, kuma duk wanda ya taɓa kai iyalinsa kallon namun daji ya san shi: girmansa kamar na doki, ƙaho a lanƙwashe baya, fuska baƙi da fari. An same shi kwance a cikin shingensa, maƙogwaro a yanke, ba a ɗauki ko tsoka ɗaya ba. Kwaɗon ƙofa kuma yana nan a kulle, ba wanda ya taɓa lafiyarsa.

Kafin hantsi labari ya shiga ta Ƙofar Na'isa ya ɓulla Ƙofar Wambai, kowa da irin gishirin da ya ƙara masa. Masu shayi suka ce aikin matsafa ne. 'Yan adaidaita suka ce wani mai neman kujera ne aka ce ya kawo jinin gwanki. Mu kuwa mutanen birni, ka san halinmu, ba ma son laifi ya kwana ba mai shi. Sai aka tattara aka jibga wa Sabo mai kula da shingen, tunda makulli a hannunsa yake. 'Yan sintiri suka rufe shi a ɗakin ajiyar dusa. Manajan lambun, Malam Abdulhakeem, ya ce 'yan sanda za su zo bayan la'asar su tafi da shi, sai fa in an samo wani kafin lokacin.

Mai unguwa ne ya ba da shawarar a kira Jafaru mai bin sawu.

A ruga aka haifi Jafaru. Da shanun gidansu suka ƙare ya shigo birni ya zauna a Dukawuya, shekara talatin ke nan yana bin sawun ragunan da aka sace da ɓarayin da suka haura katanga. Amma Jafarun da aka tarar a zaure ran nan ba shi ne wanda aka sani ba. Kwana ashirin da binne matarsa Mero, ba ta kuma bar masa ɗa ba. Bai yi kuka ba, bai yi fushi ba. In an ajiye abinci ya ci, in an kira salla ya tashi. Mutum ɗaya ya rage masa a duniya, wansa Ilu, mai share hanyoyin Lambun Rimaye, wanda kullum da yamma yakan zo ya zauna kusa da shi a kan tabarma, su yi shiru tare har magariba, sannan ya tafi. Wannan zaman shi ne kawai abin da Jafaru ke jira a yini.

Da ɗan aike ya gama bayani, Jafaru ya ɗauki sandarsa ya ce, "Mu je."

* * *

Turawa ne suka dasa lambun tun zamanin kakanni. Har yanzu jikin kowane rimi da maɗaci akwai guntun ƙarfe mai ɗauke da sunansa, tsatsa ta cinye rabin rubutun. A bakin ƙofa 'yan yawon Sallah sun yi cincirindo cikin sababbin kaya, an hana su shiga, suna ta leƙe ta tsakanin ƙarafa. Abin da na jiya da shekaranjiya suka bari kuwa yana nan birjik a gindin itatuwa: ledar ruwa, ledar alewa, ledar soyayyen naman layya, kamar an juye kwandon sharar kasuwa.

Ilu na tsaye gefen hanya da tsintsiyarsa, dogo, ya ranƙwafa, hular saƙi a kansa. Shi ya goyi Jafaru yana ƙarami, shi kuma ya fara nuna masa bambancin sawun saniya mai ciki da marar ciki.

"Ka zo," in ji Ilu.

"Na zo, Hamma." Haka yake kiransa tun a ruga.

Malam Abdulhakeem ya tare shi yana share gumi da hankici. "Malam Jafaru, dukiyar hukuma ce wannan. Gobe da safe sai na kai rahoto ofis, kuma rahoto sai da suna a ciki. Ni ba ruwana da ko sunan wa ne."

Jafaru ya ce kowa ya tsaya a waje, ya shiga shingen shi kaɗai.

An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi, irin wadda mai bin sawu ke roƙon Allah ya ba shi. Sai dai daga ƙofa zuwa inda dabbar take an bi an shafe ƙasar tas da reshen ganye, kuma wanda ya shafe da baya da baya ya fita. Jafaru ya tsuguna. Gwankin na kwance a kan ɓarinsa na hagu, wuya ya kalli gabas. An haƙa ɗan rami jini ya taru a ciki, an mayar da ƙasa an rufe. Yankan sau ɗaya ne, ba a maimaita ba. Ba alamar igiya a ƙafafu, ba alamar kokawa. Ciki ya kumbura ya yi tauri.

Ya zaga can ƙuryar shingen, inda ganyen bai kai ba. Nan kofato ya ba shi labari: dabbar ta yi ta zagaye a wuri ɗaya, ta durƙusa, ta miƙe, ta sake durƙusawa, tana jan ƙafafun baya. Ya duba ko'ina bai ga sabon kashi ba. Da ya dawo ya ɗaga wutsiyar, sai ya ga an rage gashi kaɗan a ƙarshenta. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya ajiye ta.

* * *

A ɗakin dusa Sabo na zaune a kan buhu, leɓe a fashe. Mutum ne mai 'ya'ya shida, ɗan Dukawuya, Jafaru ya san mahaifinsa.

"Baba, wallahi tallahi ban taɓa shi ba. Shekara goma sha ɗaya ina ba shi ciyawa."

"Ina ka kwana?"

Sabo ya sunkuyar da kai. "Gida. Na san a nan ya kamata in kwana, amma surukaina ne suka zo gaisuwar Sallah. Na ce zan dawo da asuba, barci ya kwashe ni."

"Makulli fa?"

"Ga ƙusar can. Nan nake rataye shi kullum, nan kuma na same shi."

"Wa ya san haka?"

"Wa bai sani ba, Baba? Duk ma'aikacin lambun nan ya sani. Har Nura mahauci, don nan yake ajiye baronsa."

"Yaushe rabonsa da cin abinci?"

Sabo ya ɗago da sauri. "Ka gani ko? Tun ranar Sallah bai ci ba. Na gaya wa manaja sau biyu, ya ce likitan dabbobi ya tafi garinsu, a bari sai bayan hutu. Kuma ya ce kada a killace shi, shi mutane ke biyan kuɗin ƙofa su gani. In suka tafi da ni, su wa za su ci da yaran nan?"

Jafaru ya ji maganar, ya kuma san abin tausayi ce, amma bai ji komai a ransa ba. Ya ce, "Ba a yi la'asar ba tukuna."

* * *

Nura mahauci shi ke kawo wa kuraye da zakin lambun nama. An ga baronsa a hanyar shingen da sassafe, har wasu sun fara cewa da shi aka haɗa baki. Jafaru ya same shi a bayan kejin kuraye yana wasa wuƙa.

"Ni?" Nura ya yi dariya. "Baba, a kwana na uku da layya? Ko almajiri ka ba wa nama yau sai ya ce ka ajiye masa zuwa jibi. Gidana nama har a kan igiyar shanya. In saci gwanki in kai ina?"

"Ka ga yankan?"

"Na leƙa. Hannu ne mai kyau, ba ƙarya. Amma ba na mahauci ba ne. Mu in mun kayar da dabba, kafin ta gama shure-shure mun fara fiɗa, hannu ne ke yi da kansa. Wannan kuwa ya yanka ya rufe jini ya tafi, sai ka ce jana'iza ya yi." Ya gwada kaifin wuƙar a farce. "Ka je wurin 'Yardada. Ita ce kullum take lallaɓowa nan neman sassaƙe, kuma na ji an ce an taɓa wutsiya."

Jafaru ya duba tayar baron, ya koma ya bi layinta. Daga ƙofar baya ta zo ta wuce shingen gwanki da taku goma ba ta tsaya ba, ta miƙe zuwa wurin kuraye.

* * *

'Yardada 'yar mai ganye ce, tana da rumfa a wani lungu na Ƙofar Wambai, cike da saiwoyi da ƙahonni da busassun fatu. Ta girmi Jafaru, bakinta kuma ya girme ta.

"Au, ni aka turo ka ka kama? Zauna, Jafaru. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Mero."

"Amin. Kin shiga lambu jiya?"

"Na shiga, da rana tsaka, da kuɗina. Na kai jikokina su ga jimina. Na ga gwankin naku ma, yana tsaye kamar wanda aka yi wa mutuwa, yara na ta cusa masa alewa da ledarta ta cikin waya, ba mai ce musu kanzil."

"An rage gashin wutsiyarsa."

"An yanke wutsiyar?"

"A'a. Gashi kaɗan, bai fi a riƙe da yatsa biyu ba."

'Yardada ta tafa hannu. "Kai ma dai da neman magana. Mai magani ya samu gwanki guda a kwance, ya bar ƙaho, ya bar matsarmama, ya bar fatar goshi, ya tsaya tsintar gashi? Da ni ce, ko kofato ba za ku tarar ba. Da aska aka yanke shi?"

Jafaru ya tuna wurin da kyau. Ba yanka ba ne, tsigewa aka yi, ɗaya bayan ɗaya, da hannu.

Ya daɗe da sanin amsar, tun yana tsugune a shinge, ya dai yi ta zagaye ne ko Allah zai sa wani ya ba shi wata. A rugarsu, in za a rabu da saniyar da ake so, ko sayar da ita za a yi ko yanka ta don ta kasa tashi, mai ita yakan tsigi gashi kaɗan a wutsiyarta ya ajiye, don kada albarkar garke ta bi ta. Ya ga mahaifinsu ya yi haka sau da yawa a shekarar da shanu suka ƙare. Makiyayi kuma ba ya iya tsayawa yana kallon dabba ta mutu mushe alhali da wuƙa a kusa. Daga rugar nan kaf, mutum biyu suka rage a raye.

"Lafiya, Jafaru?" in ji 'Yardada.

"Ki zo lambu da la'asar," ya ce. "Manaja zai so ya ji abin da kika gani."

* * *

Ya dawo ana kiran azahar. A bakin famfon ma'aikata Ilu na tsugune yana alwala. Jafaru ya tsuguna kusa da shi ya ɗauki buta. Da Ilu ya zo shafar kai, ya cire hula ya kife ta a gwiwa, sai dai bai kife da wuri ba. A cikinta, a maƙale da saƙar, ga baƙin gashi an naɗe shi kamar zobe.

Ilu ya ga ya gani. Ya mayar da hular kansa, ya wanke ƙafafu. Suka yi salla kafaɗa da kafaɗa. Bayan sallama suka zauna, babu wanda ya dubi wani.

Jafaru ya san yana iya cewa ganye ya shafe sawu, bai ga komai ba. Ba wanda zai ƙaryata shi. Sabo zai tafi, shi kuma yau da yamma Ilu zai zo zaure kamar kullum. Ya auna wannan, ya auna wancan, ya jira ya ji ko zuciyarsa za ta karkata wani ɓangare. Ba ta motsa ba. Sai ya jiyo kukan wata mata a bakin ƙofa tana roƙon 'yan sintiri su bari ta miƙa wa mijinta tuwo.

"Matar Sabo ce," in ji Ilu a hankali. "Tun safe nake son in je in faɗa, Jafaru. Na je bakin ofis sau uku. Bakina ya ƙi buɗuwa."

"Za ka faɗa yanzu?"

"Kai aka kira. Ka yi aikinka."

* * *

Bayan la'asar aka taru a gindin babban rimin da ke gaban shingen. Ga manaja, ga mai unguwa, ga wani saje da kurtu biyu da a-kori-kurarsu. An fito da Sabo. Nura na tsaye da wuƙarsa, 'Yardada ta shimfiɗa gyale ta zauna a ƙasa. Ilu na can baya, ya jingina da tsintsiya.

Jafaru ya yi magana a hankali, murya ba hawa ba sauka. Ya ce baron Nura bai tsaya a shingen ba. Ya ce mai magani ba ya barin ƙaho. Ya ce Sabo a gida ya kwana, laifinsa ke nan, ba kuma na 'yan sanda ba ne. Sannan ya roƙi saje ya bari Nura ya farka cikin dabbar.

Da aka farka tumbin, mutane suka ja da baya suna toshe hanci. Nura ya sa hannu biyu ya ciro wani dunƙule baƙi, ya kai girman tukunyar miya, ya jefar a ƙasa. Leda ce zalla, ta murɗe da juna, har ana iya ganin rubutun jikin wasu.

"Wannan ne ya kashe shi," in ji Jafaru. "Kwana uku yana mutuwa a gaban jama'a. Wanda ya sa wuƙar da asuba ya tarar da shi ya riga ya faɗi, shi ya sa ba a ɗaure shi ba. Ya juya shi gabas, ya yi bismilla, ya rufe jini. Ba ɓarawo ba ne. Makiyayi ne, ya ƙi ya bar shi ya zama mushe."

Malam Abdulhakeem ya dubi dunƙulen, ya dubi saje, fuskarsa ta canza. "Wannan duk zance ne. Ba wanda ke da ikon sa wa dabbar lambu wuƙa sai da takardar likita. Wa ya ce ba zai warke ba? Suna nake so, Malam Jafaru."

"Kai ka hana a killace shi," in ji Sabo.

"Rufe mini baki. Suna."

Jafaru ya juya. Tsakaninsa da wansa bai fi taku bakwai ba.

"Hamma," ya ce, "cire hularka."

Ilu ya jingine tsintsiyar a jikin rimi yadda ba za ta faɗi ba. Ya cire hular, ya zaro gashin, ya ɗora a tafin hannu kowa ya gani.

"Ni ne," ya ce. "Shekara tara kullum in na zo shara sai ya zo bakin waya ya lashi hannuna. Yau na zo na tarar idonsa ya fara juyewa. Na ɗauko makulli. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya riga ni. Da na gama sai tsoro ya kama ni, na shafe sawuna." Ya dubi Sabo. "Ka yafe mini dukan da ka sha."

Mai unguwa ya yi ta ba da baki. 'Yardada ta ce wa manaja abin da ba zan maimaita ba. Saje kansa ya sosa ƙeya ya ce shi dai an rubuta ƙara, sai mai ƙara ya janye. Malam Abdulhakeem ya ce in ya janye, sunan wa zai sa a rahoto, nasa? Ya ƙara da cewa daga yau Ilu ba ma'aikacin lambun ba ne, a kwashe tabarmarsa daga ɗakin ma'aikata.

Matar Sabo ta rungume ƙafar Jafaru tana sa masa albarka. Ya tsaya har ta gama.

* * *

Saje bai sa wa Ilu ankwa ba, ya ce tsoho ne. Suka ɗora shi a bayan mota, suka shiga ofis sa hannu a takarda. A nan ne manaja ya leƙo ta taga ya ce wa Nura naman ya yini a rana ya soma wari, ya sassara shi ya kai wa kuraye. Jafaru na tsaye ya ga baro ya wuce sau biyu.

Ya je ya dafa ƙarfen motar. Ilu na zaune a kan benci, kai ba hula, furfura a waje. Daga inda yake ba a ganin hanyar kejin.

"Yau ba zan zo zaure ba," in ji Ilu. "Ka ci abinci ko da ba ni."

"To, Hamma."

"Yankan ya yi, Jafaru. Ya motsa ƙafa bayan wuƙa, na gani da idona, jini kuma ya fita sosai. Halal ne. Masu gadin nan da yawansu ba su yi layya ba bana." Ya matso kusa da ƙarfen. "An raba musu?"

Daga can bayan itatuwa kuraye sun fara gurnani suna faɗa a kan ƙashi. Ilu kunnensa ya yi nauyi shekarun nan, bai ji ba. Jafaru ya ji, kuma a karo na farko cikin kwana ashirin wani abu ya soke shi a ƙirji, baƙin ciki ne tsantsa, har sai da ya ƙara riƙe ƙarfen.

"An raba, Hamma," ya ce. "Kowa ya samu."

Ilu ya gyaɗa kai ya ce alhamdulillahi. Kurtu ya zo ya ɗaga murfin baya ya sa sakata, direba ya tayar da mota.